Raishatu da Kubar Ɗakin Marigayi

Mijin Raishatu direban babbar mota ne a hanyar Agadas. Da ya rasu, ta yi takabarta a gidansu na Tanout, sannan ta kulle ɗakinsa ta tafi Falanko wurin iyayenta yankan hatsi. Mabuɗi biyu ne da kubar ƙofar: ɗaya a bakin zanenta, ɗaya a hannun Hashimu, ƙanen marigayin, wanda ke leƙa gidan.

Da ta dawo ta tarar da ƙofa a rufe, kuba lafiya lau. A ciki kuwa babu buhunan hatsi, babu rigunansa, har bargon da yake tafiya da shi an ɗauke. Ta tsaya tana kallon sawun buhunan a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki tsintsiya ta share.

Dangi suka taru, kowa ya duba kubar, sannan ya dubi Hashimu.

"Yaya, wallahi ban taɓa ko tsinke ba," in ji shi.

Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Shi kuwa ya ajiye mabuɗin a kan tabarma, kafin a gama sussuka ya hau mota ya yi arewa.

Daga baya ta kira Malam Idi, mai gyaran kuba a bakin kasuwa, ya canza mata wata. Ya dubi tsohuwar kubar ya ce, "Baiwar Allah, irin wannan ai ba sai da mabuɗinta ba." Ya zaro wani mabuɗi da aka goge wa haƙora, ya zura, ya ɗan buge shi da ƙotar guduma. Ƙofar ta buɗe.

"Sake in gani," ta ce.

Ya sake. Ya warware kubar a tafin hannunsa, ya nuna mata 'yan ƙarafunan da ke ciki. Bugun ne ke sa su zabura gaba ɗaya, kubar ta juya, kuma ba a ganin alamar komai. Da ya harhaɗa ta, Raishatu ta karɓa ta gwada. Hannunta ya yi ta kuskurewa, can sai ta ji ta juya. Ta jira ta ji wani abu a ranta, ko fushi ko kunya. Yunwa kawai ta ji, don ba ta karya ba.

Ta sa kuba mai ƙarfi, ta ƙara sakata daga ciki da kwaɗo daga waje. Ta kira lambar Hashimu, wani baƙo ya ɗauka yana magana da Tamajak, harshen Buzaye. Har yau babu wanda ya san ko Hashimu ne ya kwashe kayan, ko wani.

Yanzu matan unguwa kan aiko mata in za su yi tafiya, don ita tana shiga inda Malam Idi ba ya shiga. Takan duba ƙofa, ta ce wannan a canza, wannan a ƙara sakata. In sun tambaye ta yadda ake bugun, sai ta ce ba shi ya kawo ta ba. Kulu maƙwabciyarta takan ba ta fura, ta sha a tsaye ta koma gida.