Gayyar da Na Tura wa Ɗan Ƙodago

Da ana dawo da abin da ya wuce, da na dawo da ranar da na tura ɗan ƙodago gayyar maƙwabcina a Tirmini.

Lokacin ina cinikin fata a Damagaram, kasuwa tana ci. Gonarmu ta gado tana ƙauye, kuma al'adarmu idan ciyawa ta taso a kira gayya: yau a taru a gonarka ka ciyar da mutane, gobe a tafi ta wani. Da maƙwabcin ya kira, na ji ƙyashin rufe shago. Na biya wani ƙato ya je a madadina. Har na ɗauka alheri na yi, don ya fi ni ƙarfi. Haka na riƙa yi wa kowa, damina bayan damina.

Sai ga shekarar da radiyo ya cika da labarin durƙushewar bankunan Turawa. Na yi ta mamaki, ina ruwan fatar akuya da banki? Ashe da ruwa. Masu saye daga waje suka daina aikowa, fata ta taru tana wari.

Ƙanena, mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, kullum yana shagona yana musu da wani dillali. Shi ya ce maganin abin gurguzu, dukiya ta zama ta kowa. Dillali ya ce jari-hujja, kowa ya ci guminsa. Ni da ban yi nisa a boko ba na tambaye su, "To gayya fa, ɓangaren wa take?" Suka yi dariya.

Damina ta sauka, ba ni da abin biyan ƴan ƙodago, ciyawa ta fara shaƙe gero. Na kira gayya. Aka tuƙa tuwo, aka dama fura. Har hantsi ba kowa, sai maƙwabcin nan da hauya a kafaɗa.

"Malam, ina sauran?"

"Alhaji, suna can suna neman wanda za su biya ya zo maka."

"Kai me ya kawo ka?"

"Ƙanshin miya," in ji shi.

Mu biyu muka noma abin da ya samu. Rabin gonar ciyawa ta cinye, tuwon kuma aka raba wa maƙwabta.

Har yau ina son sanin ɓangaren da masu ilimi za su ajiye gayya. Ni dai na lura mutanen ba aikin ƙaton suka raina ba, ni ne ba su gani ba. Don Allah, wanda aka kira ya je da ƙafarsa, ko da ruwa kawai zai iya ɗebo wa manoma.