Ƙunshin da Ya Tsayar da Ita a Filin Jirgi

Har na fara furfura ban san ƙasa tana da ƙofa ba. A ƙauyenmu da ke kusa da Maigatari, in mutum zai je ta'aziyya tsallake, cikin Nijar, babur kawai yake hawa ya bi burtali. In ya ci karo da jandarma ya yi masa sannu da aiki, ya faɗi gidan da za shi, ya wuce. Da wannan tunanin na tashi zuwa Umara ni da mai ɗakina, shekarar da babban ɗanmu ya samar mana kujera.

Kafin a buga mana biza an kai mu wani ofis mai sanyi a Kano, aka ɗora yatsunmu a kan wani gilashi mai koren haske, aka ɗauki hotonsu. Da muka fito, jagoran tafiyarmu ya ja ni gefe.

Ya ce, "Baba, a gaya wa Inna kada ta yi ƙunshi a yatsu sai an dawo. Can ma za su duba, kuma na'urar ba ta shiri da lalle."

Na ce masa to. Ita tana can a inuwa tana gyara mayafi, ba ta ji ba. A mota na yi niyyar faɗa mata, sai na ga barci ya ɗauke ta tun kafin mu fita gari. Na ce in mun isa gida. A gida kuma aikin riɗi ya sha kaina, maganar ta kwanta.

Ranar jajibirin tafiya, bayan la'asar, na dawo daga masallaci na ji ƙamshin lalle tun daga zaure. Ƙanwarta ce ta zo daga Ɗanzomo da garin da ta daka da hannunta, ta taho da gwaggonsu, tsohuwar da ta riƙe mai ɗakina tun tana ƙarama. Na leƙa. Mai ɗakina tana zaune a tabarma, ƙafafunta a kan turmin da aka kifar, an gama hannu ɗaya ana kwaɓa na ɗayan. Dariya take yi irin wadda na daɗe ban ji ba. Nan take maganar jagora ta faɗo mini. Amma gwaggon nan surukata ce, shekara arba'in ban taɓa haɗa ido da ita ba. Yaya zan kutsa cikin taron mata, a gabanta, in yi zancen yatsun matata? Na ce a raina ai launi ne kawai, me ƙarfe ya sani. Na koma zaure na zauna.

A Madina muka sauka da hantsi. Har yanzu in na tuna filin jirgin sai in ga kamar a mafarki na shige shi. Haske ko'ina, amma babu rana, babu inuwar kowa. Daɓen yana sheƙi kamar tafki bayan ruwa ya ɗauke, mutane na tafiya a kai, wasu mutanen na tafiya a ƙarƙashinsu kai a ƙasa. Kunnuwana ba su buɗe ba tun daga sama, don haka duk maganar da ake yi daga nesa nake jin ta, kamar daga cikin rijiya.

Muka shiga layi. Na miƙa mata fasfonta, na shiga gaba. Haka muke tafiya tun aurenmu, ko gona ko asibitin Gumel: ni a gaba, ita a baya, ba na waiwaye. Wani Balarabe a cikin akwatin gilashi ya dubi fasfona, ya dube ni, ya nuna mini inda zan sa yatsu. Haske ya yi kore. Ya buga hatimi, wata 'yar ƙofa ta buɗe da kanta, ta rufe a bayana.

Na yi nisa kafin na lura ba na jin jan takalminta.

Da na juya, na hango ta ta cikin gilashi. Ta ɗora hannu, haske ya yi ja. Ta goge a mayafi ta sake, ya kuma yin ja. Ma'aikacin yana magana, ita tana gyaɗa kai, alhali na san ko kalma ɗaya ba ta ji. Ta ɗaga ido tana nema na cikin jama'a. Na ɗaga hannu, ba ta gan ni ba. Na nufi 'yar ƙofar, wani mai kaki ya sa tafinsa a ƙirjina a hankali, ya girgiza kai. Ina kallo wata mace mai baƙin abaya ta zo ta kama hannunta, suka shiga wata ƙofa a gefe.

Na sami jagora na ce, "Akan mayar da mutum gida a kan wannan?"

Ya ce, "Zauna tukuna, Baba. Ba ka faɗa mata ba ne?"

Na yi kamar kunnena bai buɗe ba.

Na zauna kusa da abin da ke zagayawa da kaya. Jakarta mai ɗaurin jan ƙyalle ta fito, ta wuce ni, ta shige rami, ta sake fitowa. Na kasa tashi in ɗauka. Ina ganin ta a raina cikin jirgi ita kaɗai, tana sauka a ƙofar gida gaban matan da suka yi mata rakiya jiya. Wannan matar ba ta taɓa roƙo na zane ko ɗan kunne ba. Abu ɗaya take faɗa in tana tankaɗe: Allah ya kai ta ta yi wa Manzo sallama da bakinta. Ga ta a garinsa, bango ɗaya ya rage.

An kira azahar kafin ta fito. Tare suke da wata mai shara, baƙar mace, da Hausarta irin ta Damagaram.

Matar ta ce, "Kai ne maigidan? Ka yi gaba abinka ka bar baiwar Allah da Larabawa. Nan mace ake sawa gaba, Baba, in ta wuce sannan ka bi."

Na ce, "An gode."

Ta ce, "Ita za ka ba haƙuri, ni aikina nake."

A cikin motar da ta kai mu masauki mai ɗakina ta ba ni labari da ƙaramar murya. Sun shafa mata wani ruwa mai sanyi da warin asibiti, suka bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Duk suka ƙi, sai ƙaramin yatsan hagu da na kusa da shi, inda ƙunshin ya zame bai kama sosai ba. Da su, da hoton idonta, da tafintar mai sharar nan, aka buga mata hatimi. Ta cusa hannuwanta cikin mayafi. Dabinai suna wucewa ta taga.

Ta ce, "Malam, ka yafe mini. Son kwalliya da tsufa ya sa na tsayar da mutane, na ba ka kunya a ƙasar Manzo."

Bakina ya buɗe, gaskiyar tana kan harshena. Abin da ya fito shi ne, "Ba komai. A kiyaye gaba."

Ta kiyaye kuwa. Ta yi sallamarta a Madina, ta yi ɗawafinta, muka dawo lafiya, amma ba ta ƙara sa lalle ba, ko a bikin jikarmu. In mata sun matsa mata sai ta ce ita da lalle sun yi sallama. Damina uku bayan haka ta rasu, ban faɗa mata ba.

Ƙanwarta tana nan da rai a Ɗanzomo, kuma na ji har yau tana cewa ita ta kusa hana yayarta shiga Madina. Ita nake so a fara karanta wa wannan.