Kwanon maƙwabciyata na ranar Alhamis

Shekarun baya, lokacin da muke zaune a unguwar Withington a ƙasar Turawa, maigidana yana karatu a jami'a, ni ina gida da jaririya, ban san kowa a layinmu ba sai wata tsohuwa 'yar China da ƙofarta ke kallon tamu. Mijinta ya rasu, ɗanta yana aiki a Birmingham. Ita ta nuna mini ranar fitar da shara, ita ta raka ni wurin GP, likitan unguwa, da 'yata ta yi zazzaɓi. Aunty nake ce mata, don bakina ba zai iya kiran sunan sa'ar mahaifiyata gatsal ba.

Wata Alhamis da hantsi ta ƙwanƙwasa ƙofa, riƙe da kwano. Indomi ce a ƙasa, a sama nama jajawur yana sheƙi, da tattasai da abarba. Ta ce abincin da mijinta ya fi so ne, tun rasuwarsa ba ta sake dafawa ba sai yau, don ta ga na rame. Sannan ta faɗi sunansa: sweet and sour pork.

Na ji kalmar ƙarshen nan sarai. Naman alade. Amma ga tsohuwa tsaye tana murmushi, idonta taf da ƙwalla. A gidanmu ba a mayar da hannun kyauta baya, balle na babba. Na sa hannu biyu na karɓa, har da ɗan rusunawa.

Tana tafiya na juye a leda, na ƙulle, na tura can ƙasan bin, kwandon shararmu, ina istigfari. Da yake ba a mayar da kwano wayam, na soya ƙosai na cika mata shi. Ta tambaye ni yaya na ji abincin, na ce, "Very nice." To, wannan very nice ɗin ita ta ja mini. Kowace Alhamis sai ga kwano. Sati biyar ina zuba guminta a shara, ina soya ƙosai.

Da abin ya ishe ni na kira yayata da ke aikin asibiti a Edgbaston, can Birmingham. Sai da ta yi dariya mai isarta.

"Wato don gudun laifi ɗaya kin haɗa ƙarya da almubazzaranci. Sannu, malama. Tsohuwa tana tsayuwa da ciwon gwiwa tana dafa wa motar sharar council abinci."

"Yaya, idan na faɗa mata ta daina kula ni fa? Ita kaɗai gare ni a nan."

"Gara ta ji daga bakinki da ta gani a bin. Ki je tun kafin ta ɗora tukunya."

Ranar Laraba na saɓa 'yata na tsallaka. Na ce mata addinina ya hana ni cin alade, ban taɓa kai loma ɗaya baki ba, kunya ce ta hana ni faɗa.

"Duka biyar ɗin?" in ji ta.

"Duka, Aunty."

"Ina suka je?"

Idona ne ya tona ni, ya kalli inda bin yake. Ta tura ƙofarta a hankali. Alhamis ta zo ta wuce shiru. Sati guda ina leƙen labulenta, ina roƙon Allah ya sanyaya zuciyarta.

Alhamis ta gaba aka ƙwanƙwasa. Ba kwano a hannunta, sai sabon kasko mai zurfi, ko takardar jikinsa ba a ɓare ba.

"Wannan bai taɓa ganin alade ba," ta ce. "Sa mayafinki, kai ni wurin mahaucinku."

Muka sayo kaza. A kicin ɗina ta tsaya a kaina: yanka ƙanana, tsoma a ƙwai da garin masara, soya sau biyu. Ta zuba vinegar da ruwan abarba, sannan ta ɗebo sukari cokali uku.

"Aunty, sukari a nama?"

"Ke da ba ki taɓa ɗanɗanawa ba, yi shiru."

Indomin ma ba ta bari ta nuna sosai ba ta tsame, ta juya ta a kasko. Ta zuba mini, ta ja kujera ta zauna tana kallona har na suɗe farantin.

"To, yanzu faɗi."

Na ce da daɗi wallahi, sai dai yana neman attarugu. Ta ɗan bugi bayan hannuna, ta ce yau ne ta fara jin gaskiya a kan girkinta.

Kara abu ne mai kyau, da ita aka raine ni, amma tun daga nan na gane wani lokacin ba wanda nake yi wa karar nake tausayi ba, kaina nake tausayi. Aunty ba ta ji haushin addinina ko kaɗan ba. Abin da ya yi mata ciwo shi ne ban yarda za ta fahimta ba.

Yanzu ta koma wurin ɗanta a Birmingham, ƙafa ta yi nauyi. Duk sanda za mu je gidan yaya sai na dafa kazar nan na kai wa Aunty, da attaruguna a ciki. Takan ci tana hawayen yaji tana faɗa na ɓata mata girki. Amma ba ta taɓa miƙo mini kwanon wayam ba, ko lemo biyu sai ta sa. Ta ce a wurina ta koya.