Malam Nasiru da Shafin Iyayen Yara Masu Sikila

Ina cikin aji da hantsi ina duba aikin yara wayata ta yi ƙara. Hadiza ce, babbar 'yar Malam Nasiru. Ta gaishe ni a natse, sannan ta ce, "Anti Rahila, Baba ya cika bayan sallar Asuba." Na yi mata gaisuwa da abin da ya zo bakina, na ajiye wayar. Sai da wata yarinya ta matso ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, sannan na gane hawaye nake yi.

Ni malamar firamare ce, Kirista, ina zaune a unguwar Gidan Dare a Sakkwato. Ɗana Iliya yana da ciwon sikila, kuma ta dalilin ciwon nan na san Malam. Shi ɗan gidan malamai ne a Ƙofar Dundaye, ya yi aikin gwamnati a sashen kwamfuta har ya yi ritaya. 'Yarsa Asma'u ta rasu da wannan ciwo tana ƙarama. Bayan rasuwarta bai bar ƙungiyarmu ta iyayen yara masu sikila ba. Ya buɗe mana shafi a intanet, da Hausa, inda muke sa ranakun ganin likita da bayanin yadda za a kula da yaro idan ciwo ya tashi. Na taɓa tambayarsa me ya sa yake ɗora wa kansa wannan wahala. Ya ce, "Lokacin ɗiyata, abubuwa da yawa ban sani ba, kuma ban samu mai gaya mini ba." Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Da ƙarfinsa ya fara raguwa, ya damƙa mini kula da shafin. Ban san komai ba a harkar. Ya koya mini da wata tsohuwar manhajar gyara shafi wadda shi ya daɗe yana aiki da ita. Bai taɓa karɓe kwamfuta daga hannuna ba. Yakan ja kujerarsa baya, ya naɗe hannu, ya bar ni in yi kuskurena in gyara. Idan na firgita da wani saƙo da ya fito a fuskar kwamfuta, sai ya ce, "Malama, karanta abin da ta ce tukuna, sannan ki ji tsoro." Kuma kafin a taɓa kowane fayil sai ya sa an kwafe shi a filash.

Abin da ba zan manta ba ya faru a tsakiyar bazara. An sabunta tsarin kwamfutar ƙungiya, domin tsohon ya daina samun kariya. Komai ya dawo da kyau, sai manhajar nan. Tana buɗewa, ina rubutu, amma da na danna adanawa sai ta ce ba ta da izini. A daidai makon nan asibiti ya sanar da mu cewa an sauya ranar ganin yaranmu, an kuma mayar da su wani gini saboda gyara. Shafinmu kuwa yana nuna tsohuwar rana. Akwai iyayen da ba mu da lambar wayarsu, masu zuwa daga ƙauyuka, waɗanda wani ke duba musu shafin. Duk wanda ya yi jinyar mai sikila ya san abin da zafin Sakkwato da ƙishirwa ke yi wa yaro. Tafiyar banza a cikin ranar nan tana iya kwantar da shi.

Na san Malam bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, don haka na kira shi da niyyar ya gaya mini ta waya kawai. Ya sa na karanta masa saƙon kalma bayan kalma. Da na gama ya ce, "Ina nan tahe." Na roƙe shi ya zauna. Ya ce matarsa Hajiya ta gaji da ganinsa kwance.

Bayan La'asar ya sauka daga Keke Napep a ƙofar gidanmu da sandarsa. Ya zauna yana haki, ya ƙi shan ruwa sai da ya ga matsalar da idonsa. Ya yi mini bayani a hankali: sabon tsarin ya kulle wurin da manhajar ta saba ajiye fayilolinta, ba ya barin tsohuwar manhaja ta rubuta komai a can. "Ba ta lalace ba," in ji shi. "Ɗakin da ta saba shiga anka rufe." Ya sa na kwafe komai, na mayar da foldar shafin cikin wurin ajiyar takarduna, na nuna wa manhajar sabon wurin. Sannan ya nuna mini inda ake gaya wa kwamfuta ta tafiyar da manhajar irin yadda tsohon tsari ke yi, da inda ake ba ta izini. Na rubuta sabuwar ranar, na danna, ta adana.

Na tashi ina murna, shi kuwa ya ce in buɗe shafin mu gani. Ranar ta fito daidai, amma duk haruffa masu ƙugiya sun koma alamar tambaya. Na ce, "Malam, a bar shi haka, mutane za su gane. Ka gaji." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Shafin da ke maganar ciwon ƙashi? In ƙugiyar ta faɗi kin san mi za a karanta." Na yi dariya har na riƙe ciki. Ya sa na sauya tsarin da manhajar ke adana haruffa, muka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya har kowane harafi ya koma daidai. Ana kiran Magariba ya tambaye ni inda zai yi alwala. Na kawo masa buta da tabarma, ya yi sallarsa a barandarmu, Iliya ya raka shi bakin titi.

Ranar ganin likita na haɗu da wata mata daga wajen Kwalkwalawa, goye da ɗanta. Ta ce wata ɗaliba da ke haya a gidansu ce ta karanta mata sauyin, da tuni ta zo a tsohuwar ranar. Na gaya wa Malam. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya tambayi jikin yaron.

A watannin da suka biyo baya ya matsa mini in koyi sabuwar manhaja, ko da yake tsohuwar tana aiki. Na ce ai ga shi kusa idan ta sake ƙi. Ya ce, "Wanga gyara na ɗan lokaci ne, Malama. Ni ma haka." Na koya. Da ita na rubuta sanarwar rasuwarsa a shafin.

Da na je gaisuwa, matarsa Hajiya Luba ta riƙe hannuna ta zaunar da ni kusa da ita cikin 'yan'uwanta. Ta ce ko a kwanakinsa na ƙarshe yana tambayar Hadiza ko an sa ranakun wata mai zuwa. A tsakar gidan na ga iyayen ƙungiyarmu, Musulmi da Kirista, wasu da yaransu a cinya.

Ina godiya ga Allah da ya haɗa ni da wannan bawa nasa. Allah ya jiƙan Malam Nasiru, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Hajiya Luba da Hadiza da ƙannenta haƙurin wannan rashi, ya tsaya musu a duk inda shi yake tsaya musu. Yaran da ya yi wa hidima kuma, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin fuskarsa ba, Allah ya ba su lafiya da tsawon rai. Amin.