Kanwar matar mai gida

Wata huɗu da aurena ƙaiƙayi ya kama ni a gaba, ga farin ruwa mai kauri kamar dusar awara. Lokacin muna haya a unguwar Nasarawa Gwom, ana cikin mulkin soja, mijina direba ne, yakan kwana biyu a hanya. Uwata tana can Bauci. Da na rasa wanda zan faɗa wa, sai na sami matar mai gidanmu, wadda muke kira Inna, mai suyar waina a ƙofar gida.

"Wannan ai ba komai ba ne, 'yar nan," in ji ta. Ta ba ni jar kanwa da alif, ta ce in jiƙa a ruwan zafi in zauna ciki.

Na zauna. Allah ne kaɗai ya san abin da na ji. Wajen ya saluɓe, tafiya ma sai da dafa bango. Wannan kam da na yafe, don ƙila iyakar saninta ke nan. Amma washegari na fito da buta, sai ta tare ni gaban matan gidan.

"Ki dakata da shiga banɗakinmu. Ciwon matan bariki ne da ke, kada ki shafa wa 'ya'yana."

Har igiyar shanya ta hana ni. Kafin Juma'a labari ya kai gidan surukaina.

Wata 'yar ƙabilar Ibo mai shago a tsallaken titi ce ta ga yadda nake tafiya, ta ja ni ciki, na faɗa mata komai. Cikin gurguwar Hausarta ta ce:

"Kai, wane ne ya ba ka kanwa? Yana so ya kashe ka ne?"

Ta ce in jefar da kamfan nailan, in sa na auduga, in riƙa shanya shi a rana, in bar cusa sabulu. Ita ta raka ni asibiti, aka ba ni maganin da ake cusawa. Nas ta ce kusan kowace mace tana yin wannan ciwon, har budurwa.

Da na warke ban yi wa Inna rashin kunya ba, kullum sai na durƙusa na gaishe ta. Tanda na saya. Mai shago ta ba ni gefen barandarta, daidai saitin Inna. Wainata ta farar shinkafa ce, miyar taushe har da tantaƙwashi, ga gyara ga duk wanda ya saya. Makanikai suka fara tsallakowa, teloli suka biyo baya, daga baya har yaran da surukaina suke aikowa.

Inna ta kai ƙarata wajen mijina.

"Inna, titin na gwamnati ne," ya ce mata.

Kafin damina ta fita Inna ta daina kunna wuta. Ranar da jikanta ya tsallako da kwano, ya ce a ba shi ta sule biyu, na zuba masa, na karɓi kuɗina, ban ƙara ko ɗaya ba.