Faifan Darlene a Firjin Abinci

Darlene Wojcik 'yar garin Akron ce a Amurka, ubanta ya tsufa a masana'antar taya, ita ma roba ta ci gaba da ci da ita. A ɗan kamfaninmu aikinta saƙa zaren roba wanda ya fi na gizo-gizo siranta, ta ɗaure enzayim a ciki, sinadarin nan mai narkar da sukarin madara. A sake, sau ɗaya yake aiki ya bi ruwa. A ɗaure kuwa, sai a wanke a maimaita.

Faifai ɗaya na wannan saƙar ta yi watanni tana maimaita aiki da shi, kuma shi kaɗai ne hujjarmu. Wata mata daga kamfanin madara za ta zo gani, in ba ta gamsu ba mai kamfaninmu, Dokta Hollis, zai rufe wurin.

Firjin gwaji ya lalace, sai Darlene ta naɗe faifan a takardar alminiyam ta sa a firjin abinci. Ta manta ran Juma'a ake kwashe duk abin da ba suna, dokar da ita ta kafa da bakinta. Terrence, abokin aikinmu, ya ɗauka ragowar gurasar fiza ce. A kwandon shara muka tsinto shi, rana ta gasa shi, ga baƙuwa a ƙofa.

"Ɗauko sabo," in ji Hollis ƙasa-ƙasa. "Duk farare ne, wa zai gane?"

"Ni zan gane, Dokta."

"To ki gane da kyau, abincin mutum shida ne a hannunki."

Haushinta ya kama ni, ba na ɓoyewa. Ina da yara.

Ta ɗauraye faifan, ta gaya wa baƙuwar inda ya kwana, ta tsoma shi a ruwan gwaji. In enzayim na da rai, ruwan zai zama rawaya. Muka zuba ido, Terrence kamar ya nutse. Can launi ya fara fitowa, dishi-dishi, kamar shayin da aka cika wa ruwa.

"Yana aiki," in ji baƙuwar, "amma ba yadda aka faɗa mini ba. Za mu kira ku."

Ba su kira ba. An rufe wurin, yanzu Darlene tana gwajin fenti a garin Barberton. In mun haɗu a kanti muna gaisawa, sai dai har yau ban iya ce mata ta yi daidai ba, ita ma ba ta taɓa tambayata ba.