Saƙon da Ke Bayan Gaisuwa

Ko da zan tsufa har in manta inda na ajiye hulata, ba zan manta da ranar da kawuna ya ceci karatuna a kasuwar Damri ba, shi da bai taɓa zama a aji ba.

Lokacin ina koyarwa a Talata Mafara, ina kuma haɗa digiri na biyu. Bincikena a kan yadda mutanenmu ke amfani da kafofin sada zumunta ne idan ambaliya ta taso. Manoman Bakura da Maradun suna da zaurukan hira a waya, inda suke tura saƙon murya tun da yawancinsu ba sa rubutun boko. Na nemi izini suka saka ni ciki, na tara saƙonnin damina guda cur.

To ni mutum ne mai gaggawa, ga girman kan ɗan boko. Na kunna saƙon farko: sallama, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa. Na biyu haka, na goma haka. Sai na samo wa kaina dabara: in ji farkon saƙo, da na ji gaisuwa ce in rubuta "zumunci" in wuce. Aikin wata uku na gama shi a mako biyu, har ina yabon kaina.

Malamar da ke duba aikina ba ta iya ɓoye magana ba. Ta ce in dai abin da na gano ke nan, wai ruwa na cin gonaki mutane na gaisuwa, to ba ni da abin karewa. Ta ba ni wata ɗaya. In ban kawo abin kirki ba sai in sake sabon batu, ga hutun karatun da aka ba ni ya zo ƙarshe. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma maimakon in zargi kaina, mutanena na zarga.

Da wannan haushin na iske kawu a rumfarsa ta albasa. Na ce masa Allah ya kawo musu waya amma sun mai da ita wurin gaishe-gaishe. Don ya ji da kunnensa, na kunna masa saƙon wani dattijo daga Tsibiri. Da gaisuwar ta yi nisa na kai yatsa zan kashe, sai ya riƙe hannuna.

"Bari shi ƙare mana. Saurin mi kaka yi?"

Dattijon ya gai da liman, ya gai da manyan gari, ya tambayi wani mara lafiya. Ya yi gyaran murya. Sannan ya ce, bayan gaisuwa, gulbi ya fara hawa fadama tun hantsi, masu kaya a gona su kwashe, masu shanu su haura tudu, kada kowa ya bi mashigin da aka saba bi.

Kawu ya dube ni ya girgiza kai. "Wanga saƙo shi yas sa na kwashe takina daga bukkar fadama. Ku a bokonku mutum shina faɗa ma jama'a mugun labari bai gaishe su ba?"

Kunya ta kama ni kamar in shige buhun albasa, amma a ƙarƙashinta wani daɗi ne ke tasowa. Na tambaye shi yadda suke gane gaskiya da jita-jita. Ya ce ai a gaisuwar suke ganewa. Wanda ya gai da mutane da sunayensu an san shi, an san inda za a same shi in ya yi ƙarya. Saƙon da ya faɗo babu sallama kuwa, ba mai ɗaga ko fartanya saboda shi.

Na koma na saurari kowane saƙo daga sallama har zuwa sai an jima. Ashe komai na ciki: wa ya fara ganin ruwa, wa ya tabbatar, wane makiyayi ya mayar da maganar zuwa Fillanci don 'yan'uwansa. Da malamata ta karanta sabon babin, cire tabarau ta yi ta ce yanzu na yi bincike.

Ranar kare aiki, farfesan da aka gayyato ya tambaye ni shaidar abin da na rubuta. Na kunna saƙon dattijon Tsibiri. Ana cikin gai da liman ya dubi agogo, ya ɗaga hannu alamar in kashe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari ya ƙare."

Ya bari. Da dattijon ya kai ga maganar gulbi, farfesan ya jawo takarda ya fara rubutu da kansa. Na fito da sakamakon da ban taɓa mafarkinsa ba, kuma kai tsaye Damri na nufa.

Tun daga ranar ban sake katse mutum yana tsakiyar magana ba. Na koyi cewa wanda bai da haƙurin jin gaisuwar mutane, ba zai taɓa jin labarinsu ba.